Yadda Ɗalibi Marar Takardu Zai Shiga Jami'a a Amurka, Ya Kuma Samu Tallafin Karatu

A unguwannin Bronx da Harlem na birnin New York, da garin Greensboro na jihar North Carolina, akwai gidajen mutanenmu da yawa: 'yan zangon Kumasi da Nima, mutanen Yamai da Damagaram, 'yan Kano da Jos. A cikin waɗannan gidaje akwai yaran da aka kawo suna ƙanana da bizar ziyara, bizar ta ƙare, aka ci gaba da zama. Yaro ya taso yana Turanci kamar ɗan ƙasa, yana boko, yana islamiyya ranar Asabar, bai san da wata matsala ba sai ya kai aji 11 ko 12, aka ce kowa ya kawo lambar soshiyal (Social Security, lambar shaida da gwamnatin tarayya ke bayarwa) don cike fom ɗin tallafi. Ya dawo gida ya tambaya, a yi masa shiru. A daidai nan yara masu ƙwazo suke sakin karatu, suna zaton ƙofa ta rufe.

Ba ta rufe ba. Babu dokar tarayya da ta hana marar takardu shiga jami'a a Amurka. Abin da aka hana shi shi ne kuɗin gwamnatin tarayya, saura kuwa ya dogara ne da jihar da yake zaune da kuma yadda ya shirya da wuri. Zan fi tsayawa a kan New York saboda nan mutanenmu suka fi yawa, dokarta kuma tana cikin masu sauƙi.

Mataki na 1: A faɗa wa yaro gaskiya, a ga lauya kafin ya cika 18

Wannan na iyaye ne. Baba, Mama, na san dalilin shirun: tsoro ne kada yaro ya faɗa a makaranta, da kuma nauyin maganar. Amma shirun yana cin lokacin da ba ya dawowa. Tun yaro yana aji 9 ko 10 ya kamata ya san matsayinsa, ya ga fasfonsa, ya san ranar da ya shigo da irin bizar da ya shigo da ita.

Dalilin gaggawar shi ne, doka ba ta ƙirga wa yaro kwanakin zama ba bisa ƙa'ida ba sai ya cika shekara 18. Daga nan, idan ya wuce kwana 180 sannan ya fita ƙasar, za a hana shi dawowa shekara 3. Idan ya kai shekara guda, hanin ya zama shekara 10. Duk mai tunanin mayar da yaro gida ya yi jami'a a Kano ko Legon ta Ghana, ko ma ya je biki ko ta'aziyya, ya san wannan kafin a sayi tikiti.

Lauyan shige da fice zai duba ko akwai wata hanya. Akwai matsayin da ake kira SIJS, na yaron da uwa ko uba, ko da ɗaya ne daga cikinsu, ya yi watsi da shi ko ya cutar da shi. Sharaɗinsa kada ya kai 21, kuma kada ya yi aure. Ana farawa ne daga kotun iyali ta jiha, kuma a New York ƙofar a buɗe take har 21, alhali a wasu jihohin 18 ce iyaka. Masu yi wa 'ya mace gaggawar aure su lura, ɗaura auren yana rufe wannan hanya. A kuma sani wanda ya samu girin kad ta SIJS ba zai taɓa nema wa iyayensa takarda ba.

DACA kuwa, shirin da Shugaba Obama ya kawo a 2012 don kare waɗanda aka kawo suna yara daga kora, yana buƙatar mutum ya kasance a ƙasar tun 15 ga Yunin 2007, kuma hukuncin wata kotu a Texas a 2021 ya tsayar da amincewa da sababbin masu nema. Yawancin masu gama sakandare yanzu bai shafe su ba.

Kada a kai wannan magana wurin "mai cike takardu" na unguwa. A je wurin lauya mai lasisi ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi. CUNY Citizenship Now, ta jami'ar gwamnati ta birnin New York (CUNY), tana ba da shawara kyauta, akwai kuma African Services Committee a Harlem da African Communities Together, waɗanda suka saba da mutanen Afirka ta Yamma.

A wannan zama ne za a rarrabe wanene wanene, domin gida ɗaya kan tara matsayi uku. Yaron da aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, yana da haƙƙin cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya, ko da iyayensa ba su da takardu. Mai girin kad da wanda aka riga aka ba mafaka su ma suna da shi. Wanda ke jiran hukuncin mafaka, da mai TPS (kariyar wucin gadi), da mai DACA, da marar komai, duk ba su da haƙƙin kuɗin tarayya: ba tallafin Pell, ba rancen gwamnati.

Mataki na 2: Ka san dokar jiharka

Hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 a shari'ar Plyler da Doe ya tabbatar wa kowane yaro karatun firamare da sakandare kyauta, ko da takarda ko babu. Bai kai jami'a ba, shi ya sa kowace jiha take da nata tsarin.

New York, Kalifoniya, New Jersey, Illinois, Maryland, Massachusetts, Minnesota da Washington sun yi dokokin da ke ba marar takardu damar biyan kuɗin 'yan jiha, suna kuma ba shi tallafin jiha. North Carolina tana karɓarsa amma da kuɗin baƙo, wanda ya ninka na ɗan jiha. Alabama da South Carolina ba sa karɓarsa a jami'o'in gwamnati ko kaɗan, Georgia kuma ta rufe masa manyan jami'o'inta irin su Georgia Tech.

Abin yana sauyawa da sauri. Texas ce ta fara ba da rangwamen a 2001, amma a watan Yunin 2025 kotun tarayya ta soke shi bayan Ma'aikatar Shari'a ta shigar da ƙara. Florida ma ta soke nata a 2025, an kuma kai wasu jihohin kotu. Saboda haka kada ka dogara da abin da ya faru da ɗan maƙwabta shekara uku da suka wuce. Ka buɗe shafin hukumar ilimi mai zurfi ta jiharka a shekarar da za ka nema.

Mataki na 3: Ka cika sharaɗin kuɗin 'yan jiha

Wannan shi ne ginshiƙin komai, ga lissafin. A manyan kwalejojin CUNY irin su Lehman da City College, ɗan jiha yana biyan dala 6,930 a shekara. Baƙo yana biyan dala 620 a kan kowane kiredit (ma'aunin nauyin kwas), kiredit 30 na shekara ya kama dala 18,600. A kwalejojin shekara biyu, irin su Hostos da Bronx Community College da BMCC, ɗan jiha yana biyan dala 4,800. Ban da wannan akwai ƙananan kuɗaɗen rajista.

Tun 2002 dokar New York ta ba marar takardu hanya biyu ta shiga sahun 'yan jiha. Ta farko, ya yi aƙalla shekara biyu a sakandaren jihar, ya kammala a nan, ya kuma nemi gurbi cikin shekara biyar da gamawa. Ta biyu, ya halarci ajin shirin jarrabawar GED (madadin shaidar kammala sakandare) da jihar ta amince da shi, ya ci jarrabawar a New York, ya nemi gurbi cikin shekara biyar.

Hanya ta biyu ita ce mutanenmu suka fi jahilta, ita ce kuwa ta fi amfanar wanda ya zo da girmansa. Saurayin da ya iso yana 19 da takardar WAEC a jaka, ko budurwar da ta ci BAC a Yamai, suna iya samun gurbi da waɗannan takardu, amma su kaɗai ba za su ba su farashin ɗan jiha ba. Wasu na jin ƙasƙanci ne su koma ajin GED bayan sun gama sakandare a gida. Ni dai ina ganin wata shida ko shekara guda da zai rage maka sama da dala 11,000 a kowace shekara ba abin kunya ba ne. Jarrabawar kyauta ce a New York. Wanda bai kai 21 ba yana da haƙƙin shiga sakandaren gwamnati, akwai kuma makarantun da aka tanada don sababbin zuwa, irin su Bronx International High School. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya tambayi shirin CLIP na CUNY, na koyon Turanci cikin kuɗi kaɗan kafin a shiga aji.

Bayan an ba ka gurbi, za ka cike fom ɗin zama a jiha tare da takardar rantsuwa, wadda ke cewa za ka nemi daidaita matsayinka da zarar ka samu dama. Ana buga mata hatimin notari, a miƙa wa ofishin rajista na makarantar, ba hukumar shige da fice ba. Idan takardar biyan kuɗi ta fito da farashin baƙo, kada ka biya, kada kuma ka ɓace. Ka ɗauki sakamakonka na sakandare da takardar rantsuwar ka je ofishin, sau da yawa fom ne kawai bai isa ba. A lura, wanda bizarsa ta ɗalibi ko ta ziyara ba ta ƙare ba tukuna, lissafinsa daban ne, ya tambayi ofishin kai tsaye.

Mataki na 4: Neman gurbi

CUNY tana da fom ɗaya na intanet da za ka zaɓi kwaleji har shida a ciki. Kuɗinsa dala 65 ne, kuma ana yafe wa ɗalibai da yawa, sai ka tambayi malamin da ke ba da shawara a makarantarku. Ka miƙa kafin 1 ga Fabrairu idan kana son shiga zangon da ke farawa a ƙarshen Agusta. Jami'o'i masu zaman kansu galibi suna amfani da fom ɗin bai-ɗaya na Common App, ranakun rufewarsu suna faɗowa tsakanin Nuwamba da farkon Janairu.

Gurbin lambar soshiyal ka bar shi ba komai. Kada ka ƙirƙiri lamba, kada ka ari ta wani.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne tambayar ɗan ƙasa. Kada ka taɓa zaɓar cewa kai ɗan Amurka ne, ko a fom ɗin makaranta, ko na aiki, ko na tallafi. Da'awar zama ɗan ƙasa ta ƙarya tana iya hana mutum girin kad har abada, ko da daga baya ya auri 'yar ƙasa. Haka nan idan masu rajistar zaɓe suka kafa tebur a harabar makaranta suna miƙa fom, ka yi musu godiya ka wuce.

Mataki na 5: Tallafin jiha

A 2019 New York ta zartar da dokar DREAM mai ɗauke da sunan marigayi Sanata José Peralta. Ita ta buɗe wa marar takardu tallafin kuɗin makaranta na jiha, wato TAP da Excelsior, da shirye-shiryen taimakon ɗalibai irin su SEEK, College Discovery, EOP da HEOP. Sharuɗɗanta kusan irin na mataki na 3 ne.

Ga yadda ake yi. Ka shiga shafin HESC, hukumar tallafin karatu ta jihar, ka buɗe asusu ka cike fom ɗin DREAM, ba FAFSA ba. Za a nemi ka ɗora sakamakon sakandare da shaidar kammalawa ko ta GED. Idan an tabbatar ka cancanta, sai ka cike na TAP ɗin kansa, inda ake tambayar kuɗin shigar gida. Yara da yawa suna tsayawa a kashi na farko suna zaton sun gama, zango ya fara ba kuɗi. Ka riƙa duba imel ɗinka duk mako har sai ka ga an rubuta adadin da aka ba ka.

TAP yana kaiwa dala 5,665 a shekara ga gidan da samunsa ya yi ƙasa, ba ya kuma wuce kuɗin makarantar. Ke nan a kwalejin shekara biyu yana iya biyan kuɗin karatun gaba ɗaya. Iyakar samun gida ga ɗalibin da ke ƙarƙashin iyaye dala 125,000 ce. Excelsior yana cike abin da ya rage, amma da sharaɗin kiredit 30 a shekara da zama a jihar bayan kammalawa gwargwadon shekarun da aka biya maka. Kyauta ce duka, ba rance ba, sai dai Excelsior kan koma bashi idan aka saɓa sharaɗin zaman.

Maganar samun gida tana kawo mu kan haraji. Iyaye da yawa marasa soshiyal suna biyan haraji da lambar ITIN, wadda ake nema da fom W-7, takardun harajin kuma suna sauƙaƙa cike fom ɗin tallafi. Amma a Afrilun 2025 hukumar haraji ta IRS ta sa hannu a yarjejeniyar musayar wasu bayanai da hukumar shige da fice ta ICE, aka kuma kai maganar kotu. Wanda bai taɓa neman ITIN ba ya tattauna da lauya kafin ya nema. Wanda ake biyansa a hannu kuwa ya faɗi gaskiyar abin da yake samu, ofishin tallafi yana da hanyar tantancewa.

A Kalifoniya kwatankwacin wannan shi ne dokar AB 540 da fom ɗin CADAA, wanda aka saba rufewa 2 ga Maris.

Mataki na 6: Gidauniyoyi da jami'o'i masu zaman kansu

TheDream.US ita ce mafi girma a wannan fanni. Tana ba da har dala 33,000 don digiri na farko a makarantun da take hulɗa da su, tana kuma da wani tallafin mafi tsoka ga ɗaliban jihohin da suka rufe ƙofa, wanda ke kai su karatu wata jiha. 'Yan North Carolina su kula da wannan. Ana buɗewa a farkon Nuwamba, ɗaya daga cikin sharuɗɗan kuma mutum ya shigo ƙasar kafin ya cika 16. Akwai Golden Door Scholars, akwai QuestBridge ga masu sakamako mai kyau ƙwarai, akwai gidauniyar Jack Kent Cooke da ke ɗaukar nauyin masu tsallakawa daga kwalejin shekara biyu zuwa jami'a. Ƙungiyoyin Immigrants Rising da MALDEF suna fitar da jerin tallafin da ba ya neman soshiyal. Yawancin masu nema 'yan Latin Amurka ne, shi ya sa wasu yaranmu suke ɗauka abin ba nasu ba ne. Ka karanta sharuɗɗan, da yawa ba ruwansu da asalin ƙasa.

Yaro mai hazaƙa kada farashin Harvard ko Princeton ko Amherst ya firgita shi. Waɗannan suna biyan duk abin da gida ba zai iya ba daga aljihunsu, ba ruwansu da FAFSA a kan marar takardu. Fom ɗin da mafi yawansu suke nema shi ne CSS Profile. Shiga ce mai wuya, amma ga wanda ya samu, sau tari ta fi jami'ar gwamnati araha.

A rubutun da ake nema na tarihin rayuwa, ba dole ba ne ka ambaci matsayinka. Idan ka ga dama ka faɗa, idan ba ka so ka yi maganar wani abu: fassarar da kake yi wa mahaifiyarka a asibiti, haddar da ka yi, yadda kake riƙe ƙannenka. Duk gidauniyar da ta ce ka biya kafin ta ba ka tallafi, damfara ce.

Mataki na 7: Cike giɓin da ya rage

Kuɗin karatu ba shi ne ƙarshe ba, akwai littattafai da kuɗin sufuri. Shirin ASAP na CUNY yana karɓar marasa takardu, yana taimakawa da katin sufuri da littattafai da mai ba da shawara na musamman. Tun kana sakandare ka yi rajistar College Now, kwasa-kwasan kwaleji ne kyauta da ke rage maka kiredit ɗin da za ka biya daga baya. Ofishin kuɗi yana da tsarin biya kashi-kashi a cikin zango. Dokar DREAM ta kuma ba mai ITIN damar buɗe asusun ajiyar karatu na 529.

Rancen banki yana buƙatar ɗan ƙasa ko mai girin kad ya tsaya maka, ga ruwa mai nauyi, ga maganar riba da ke damun yawancinmu. Ban ga hikimar ɗaukarsa ba ga wanda bai da tabbacin izinin aiki. Adashin da mata suke yi, da asusun ƙungiyoyin gari da na masallatai, sun fi dacewa da giɓin dala dubu ɗaya ko biyu. Ƙungiyoyinmu sun iya tara kuɗin kai gawa gida cikin kwana biyu, lallai za su iya tara wa ɗalibi kuɗin littattafan zango.

Mataki na 8: Zaɓin fanni da kare bayananka

Digiri ba ya ba da izinin aiki, gara ka san haka tun yanzu. Fannoni irin su jinya da koyarwa suna buƙatar lasisi da binciken da kan nemi soshiyal, wani lokaci tun a matakin zuwa asibiti koyon aiki. Kalifoniya tana karɓar ITIN wajen ba da lasisin sana'a tun bayan dokarta ta 2014, sauran jihohi kowa da nasa. Kafin ka zaɓi fanni, ka tambayi sashen kai tsaye ko marar soshiyal zai iya kammalawa. John Jay da Brooklyn College suna da cibiyoyin ɗalibai baƙi, sauran kwalejojin CUNY ma suna da jami'in da aka ɗora wa wannan aiki, shi za ka fara nema a makon farko.

Dokar FERPA ta 1974 ta hana makaranta ba da bayanan ɗalibi ba da izininsa ba, sai da umarnin kotu ko wasu 'yan dalilai da doka ta lissafa. Amma adireshi da lambar waya suna cikin abin da makaranta ke iya fitarwa, sai ka cike fom a ofishin rajista ka ce a rufe su. Tun Janairun 2025 aka janye ƙa'idar da ke nisanta jami'an shige da fice daga makarantu, sai dai wuraren da ba na kowa da kowa ba, kamar ɗakin kwanan ɗalibai, ba a shiga sai da izini ko waranti mai sa hannun alƙali. Kana da haƙƙin yin shiru, kada kuma ka sa hannu a takardar da lauya bai gani ba.

TAP ba a ba da shi sau ɗaya a gama. Ana sabunta shi kowace shekara, kuma ana duba kiredit ɗin da ka tara da matsakaicin makinka. Idan aiki ko rashin lafiya ya matsa maka har kana tunanin ajiye wani kwas, ka fara zuwa ofishin tallafi ka tambayi abin da ajiyewar za ta yi wa kuɗinka na zango mai zuwa, sannan ka sa hannu.